Laimata Ta Rasu a Kan Aikin da Ba Nata Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fiye da rabinsa haushi ne, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aikina malaman makaranta rasuwar laimata, baƙar nan mai mariƙin katako, wadda wasunku suka daɗe suna yi wa dariya a bayan idona. Ta rasu ranar Asabar da rana tsaka a bakin titi, a ƙarƙashin tayar motar yashi.

Marigayiya ta shigo hannuna tun ina sabuwar malama. Ita ke raka ni makaranta, ta tsaya a kaina a filin taro yayin da shugaban makaranta yake jawabinsa da ba ya ƙarewa, ta kuma dawo da ni gida lokacin da kwalta ke tururi. Ba ta da surutu. Kalmarta ɗaya ce, "fat", idan an buɗe ta, sai wani ɗan "ƙiii" da ta koya bayan tsufa ya kama ta. Ba ta taɓa yi mini alkawarin mayar da ni budurwa ba, ba ta kuma zo da hoton wata mai murmushi a manne a jikinta ba. Ta dai tsaya tsakanina da rana.

Su uku suka raba aikin fuskata: sabulu marar ƙarfi safe da yamma, ɗan basilin tun fatar tana da danshi, sai marigayiya, wadda ta ɗauki kaso mafi nauyi. Ban ce ban tsufa ba, ina da madubi. Amma tsufana ya zo a kan lokacinsa, ya yi sallama kafin ya shigo, bai haura katanga ba kamar na wasu.

Cikin waɗanda suka fi raina ta akwai ƙanwar maigidana, wadda ta hana yarana kiranta Gwaggo, wai sunan yana tsofar da mutum, sai dai Anti. Anti tana sayar da mayukan gyaran fata a kan tebur a bakin titi, kuma ita ce babbar mai cinikin kanta. Akwai na safe, akwai na kwanciya, akwai na ƙasan ido, akwai wanda ake shafawa don ya gyara ɓarnar da na safe ya yi. Na girme ta nesa ba kusa ba, amma idan muka jera, ita baƙi suke fara gaisarwa da ladabi.

"Yaya, don Allah ki daina yawo da abin nan ba ruwan sama ba komai," in ji ta. "Mutane sai su ce ba kanki ɗaya ba."

Da a nan ta tsaya, da ban ɓata tawada a kanta ba. Sai ta juya kan autata, yarinyar da na goya a ƙarƙashin inuwar marigayiya tun tana tsumma. Auta ta fara zuwa kwaleji, ta fara jin kunyar laima. Da na ce "fat", sai ta ƙara sauri ta bar ni a baya kamar ba ta san ni ba. Wata rana Anti ta kama haɓarta, ta juya fuskarta zuwa haske, ta nuna wani ɗan layi a goshinta, ta ce tamoji ya fara, in ba a tare shi yanzu ba an makara. Layin nan na san asalinsa, na ɗaure fuska ne wajen ƙura wa waya ido. Amma Auta ta dawo gida da kwalba a jaka.

Na yi magana da lallashi, na yi da faɗa.

"Umma, zamaninku daban," ta ce, tana murza man a kumatu.

Kumatun suka yi haske, sannan suka yi ja, sannan suka fara yi mata zafi da zarar ta fita. Anti ta ce alamar yana aiki ke nan, ta ƙara mata wata kwalbar. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ina kallon fuskar 'yata, wadda ba ta da laifin komai, tana bin hanyar da ta gwaggonta ta bi, ni kuwa ba ni da abin ba ta sai tsohuwar laimar da take ƙyama.

Marigayiya ba ta yi jinya ba. Da ƙafarta ta fita, lafiya lau. Ranar Asabar ɗin Auta ta shigo ta ce Anti tana son aron laima. Har na yi murna a raina, na ce Allah ya shiryi baiwarsa. Na miƙa ta da hannu biyu.

Ashe ba don kanta take so ba. Rana ce ta fara narkar da mayukan, ruwa gefe mai gefe, har masu saye suna ƙorafi. Sai Anti ta ɗaure laimata a ƙafar tebur, ta daidaita inuwar a kan kwalabe, ita da Auta suka koma gefe suka tsaya a rana. Wato Anti ta san rana tana lalata abu. Ta yarda tana lalata mai a cikin kwalba mai murfi, ba ta dai yarda tana lalata fuskar da ba ta da murfi ba.

Iska ta taso, igiyar da aka yi wa ɗaurin ganin dama ta kwance, marigayiya ta tashi sama ta sauka a tsakiyar titi. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun ce kalmarta ta ƙarshe "ƙaras" ce. Sun kuma shaida cewa Anti ba ta ko waiwaya ba, ta faɗa kan teburin ta rungume kwalabenta, gumi yana wanke hodar fuskarta yana tona abin da ke ƙasa. Auta tana tsaye kusa, ta ga komai. Ita ta shiga titi ta ɗauko gawar, ta kawo mini ita gida, fuskar yarinyar ta kumbura ta yi jawur.

A asibiti likita ya ce a zubar da mayukan, a wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, sannan kada ta kuskura rana ta taɓa ta har fatar ta warke. Auta ba ta ko kalle ni ba.

Marigayiya ta rasu ta bar sabulu da basilin, suna nan a bakin taga cikin haƙuri. Ta bar ni. Akwai kuma wasu kwalabe a ɗakin Auta da suke ta raɓe-raɓe, ina sanar da jama'a cewa ba su haɗa dangi da mamaciyar ba, kuma an riga an nuna musu ƙofa.

Muna godiya ga duk wanda ya zo ta'aziyya, ban da mutum ɗaya. Anti ta zo jiya, ta zauna a kujerar da ta fi kyau, ta ciro wata sabuwar kwalba.

"Yaya, laima ce fa, ba mutum ba. Ungo wannan ki shafa, baƙin ciki yana kawo tamoji."

Na ce ta riƙe, ta fi ni buƙata.

Game da jana'iza, an shirya yin ta yau da safe, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo ta layinmu. Sai dai an ɗage ta. Na je bayan ƙofa inda muka ajiye gawar, na tarar babu. Da na leƙa taga sai na hango ta a kan hanya, a buɗe, ƙarafunanta sun yi cirko-cirko, an ɗinke yagewar da jan zare, ɗinkin wadda ba ta saba riƙe allura ba. Auta ce a ƙarƙashi da jakar littattafanta, ta tokare maɓallin da babban yatsa don kada laimar ta rufe mata a ka.

"Auta, ai ta mutu," na ce.

"Na sani, Umma. Gefe ɗaya yana da inuwa."

Saboda haka za a ci gaba da karɓar gaisuwa a gidana kullum da yamma, bayan rana ta yi sanyi. Duk wanda ya zo da kwalba zai jira a waje, kuma ba a gefen inuwa ba. Masu son yi wa mamaciyar kallon ƙarshe su yi haƙuri su jira, sai ta dawo da 'yata daga makaranta.