Fatihar da ta Juya Mana Eriya

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan wannan magana. Sau uku ina rubutawa ina yagewa, don gudun kada waɗanda abin ya shafa su karanta haushinsu ya dawo sabo. Amma abin ya ƙi barina, kuma ba na jin zan manta da wannan Lahadi ko da zan shekara ɗari.

Lokacin ina aikin awon auduga a Funtua, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Maƙwabcina Malam Sule ma'aikacin waya ne, yana da lasisin rediyo irin wanda ake magana ta cikinsa, kuma da hannunsa ya haɗa akwatin. Shi da Malam Iliya, wani malamin makaranta, suka shiga gasar masu irin wannan rediyo, suka ɗauke ni na uku saboda rubutuna yana karantuwa. (Abin da na fito da shi daga firamare ke nan, shi da tsoron yin kuskure.)

Dokar gasar ba wuya. Daga hantsi zuwa ƙarfe huɗu za ku yi ta kira. Duk wanda ya amsa, ku rubuta sunan tasharsa da garinsa da lambar da ya ba ku, ku ma ku ba shi taku. Gwargwadon nisa, gwargwadon maki. In ɗaya cikin ukun ya kuɓuce, kamar ba ku yi magana ba. Irin wannan zangon rediyo ba ya son tudu ya tare shi, don haka muka hau wani dutse a hanyar Bakori, jaki ya kai mana batir har rabi, sauran muka ƙarasa da ka. Eriya kuwa a kan doguwar gora aka ɗaure ta, Malam Iliya ya rungume yana juyawa duk inda aka ce.

Tun a hanya Malam Sule ya gargaɗe ni: "Akawu, nan ba zaure ba ne. Ba a gaisuwa. Suna, gari, lamba, shi ke nan." Na ce na ji. A raina kuwa na ce wannan wace irin tarbiyya ce.

Mun samu Zariya, mun samu Kaduna, mun samu Kano da ƙyar. Ina ta rubutu, kowace lamba sai na sa an maimaita mini sau biyu, har Malam Sule ya fara hararata. Wajen uku da rabi muryarsa ta dishe gaba ɗaya, sai ya miƙo mini abin magana ya ce in ci gaba da kira, yana nan kusa. Na tambaye shi ko doka ta yarda. Ya yi mini nuni da hannu, irin nunin da ba sai na fassara ba.

Kira na biyar, wata murya ta ɓullo daga cikin shuuu ɗin nan, siririya kamar daga rijiya. Jos! Duk yinin ba wanda muka ji ya samu nisa haka. Malam Sule ya miƙe tsaye. Sunan tashar na kama shi, amma na ce bari in sa ya maimaita. Kafin in yi magana, mutumin da ya riga ya ji Turancin kirana ya gane ni, ya juya Hausa: "Wa nake ji kamar Bakatsine?"

Muryar dattijo ce. To ku gaya mini, dattijo ya yi maka magana da Hausa, ka buɗe baki ka ce masa "Lamba"?

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina wuni?" Ya amsa. Na ce ina gajiya, ya amsa. Na ce yaya ƙarshen damina. Malam Sule yana buga takarda da yatsa, bakinsa na motsi, murya babu. Na ɗaga masa hannu alamar saura ɗaya. Na ce, "Yaya iyali?"

Dattijon ya ce, "Sai haƙuri, makon jiya muka yi rashin tsohuwa."

Nan fa na rasa tudun dafawa. Na yi masa ta'aziyya, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. Ya ce amin, bawan Allah har ya yi ƙoƙarin ceto na, ya ce, "Lambarka ita ce ashirin da..." Ni kuwa na danna maɓallin abin magana na katse shi, don ban rufe addu'a ba. Na ce, "Fatiha," na ajiye abin magana na ɗaga hannuwa.

Malam Iliya, da ya ji an ce Fatiha, shi ma ya ɗaga nasa. Duka biyun. Iska ta kwashi gorar ta juya eriya ta kalli Dandume.

Muka shafa, muka juyo da ita, muka yi ta lalube har ƙarfe huɗu ta buga. Jos ta tafi. Malam Iliya ya ce, "Akawu, rubuta ashirin da uku mana, kamar haka na ji." Na ce ni ban ji uku ba, kuma ba zan rubuta abin da ban ji ba. Malam Sule ya tattara abin da ya rage na muryarsa ya ce, "Allah ya ba ka aljanna, amma ba tare da rediyona ba."

Da sakamako ya fito, mutanen Zariya ne suka zo na ɗaya, mu na biyu, da tazarar da Jos kaɗai ta isa ta rufe har da saura. Abin da ke ba ni haushi har yau, ni kaɗai ake kira Malam Fatiha a unguwa, alhali ba ni na saki gora ba. Na dai koyi darasi: ka karɓi lamba tukuna, sannan ka tambayi iyali, don ba ka san amsar da ke jiranka ba.

Roƙona ga masu karatu: duk wanda ya san wani dattijo mai rediyo a Jos da ya yi rashin mahaifiya a ƙarshen wata damina, ya gaya masa ba wulaƙanci ya sa na ɓace masa a tsakiyar addu'a ba, mun shafa. In kuma bai ji haushi ba, a tambayar mini shi: ashirin da nawa?