Safar Mista Bil a Cikin Kabsa

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Riyad, zamanin da kuɗin mai ya ɓarke, ko ina ka juya gini ake yi. Ni direba ne a wani kamfanin gine-gine, iƙamata, wato takardar izinin zama, saura sati biyu ta mutu, kuma kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, Abu Sa'ad bai sa hannu a takardar sabunta ta ba.

Turawan kamfanin kan buga besbol, wasan dukan ƙwallo da kulki, a wani fili bayan Al-Badi'a. Ran nan mutum ɗaya ya kasa musu, sai injiniyanmu Mista Bil ya yafito ni. Abu Sa'ad na zaune kan darduma a gefe da baƙinsa, an girke musu faranti na kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama. Na ce yau zan burge mutumin nan.

Bil ya tambaye ni da wane hannu nake jifa, don safar hannu ta fata da ake cafe ƙwallo da ita ana sa ta ne a ɗaya hannun. Shi kansa da dama yake dukan ƙwallo, ya yi jifa da hagu, ko a jikinsa. To ni ma bahago aka haife ni. Kakata ce ta bi ni da muciya har na koma cin tuwo da faskare da dama (jifa kam ba ta taɓa kama ni ina yi ba). Amma in ce ni bahago ne a gaban Larabawa?

"Dama mana," na ce, har da ɗaga kafaɗa.

Ya ɗauko wata safa cikin kayansa, ya zura mini a hagu.

Wajen duka na yi abin kirki, faskare ya yi rana. Da muka koma tsaron fili, ƙwallo ta taho, na cafe ta cikin safa. Ana ta ihu in jefa. Kafin in yi tunani, hagu ta tuna aikinta. Safa da ƙwallo suka tashi tare, suka sauka tsakiyar kabsar Abu Sa'ad. Shinkafa har gemun baƙo.

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage. Na fara hango kaina a jirgin Kano.

Abu Sa'ad ya ciro safar, mai na ɗiga, ya dube ni. "Ya Musa, motar ma da wannan hannun kake tuƙa ta?"

"La, wallahi, da biyun," na ce.

Ya yi dariya har da tari. Ranar Lahadi ya sa hannu a takardata, ina tsaye ina kallo. Da hagu ya sa.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni hannuna, hagun nake ɗaga masa.