Tanon Tabawa a Ƙasan Motar Alkasum

Ranar da ƙasan motar Alkasum ya zube, rabin Agadas ya bi shi da gudu, shi kuwa yana ɗaga musu hannu.

Shekarar da damina ta ƙi ce, zamanin soja, ana cikin bikin Biyanu. Alkasum maƙwabcina ne, katangar da ta raba mu ba ta kai ƙirjina ba, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani, wanda ban gani ba kuwa matata ta gani. Yana da tsohuwar Fijo kat-san-kat da ya saya hannun wani Bature tun bai yi aure ba. Ran Laraba da safe ya karɓo buhun jar dawa ta taimako, ya ajiye shi gaba, wajen da mai zama kusa da shofer ke sa ƙafa, ya kama hanyar Ingal zai je Tegidda ya ɗauko uwarsa. Bai wuce kasuwa ba ƙarfen ya buɗe, bakin tsatsa ya tsarge buhun. Dawa ta riƙa zuba layi ɗaya a bayansa. Mata suka fito da tsintsiya da faifai, awaki suka shiga tsakaninsu, wasu na kiran sunansa ya tsaya. Shi ya ɗauka sallama ake yi masa.

A shingen sojoji na bakin gari sarzan ya leƙa ta taga, ya hango ƙasa ta cikin motar. Ya sa sanda ya taɓa wajen ƙafar Alkasum, nan ma ya huje, takalminsa ya bi ramin. Ya ce motar da ake ganin ƙasa ta cikinta ba ta wuce shingensa sai an toshe ta da ƙarfe. Lokacin ba a mayar wa mai kaki magana. Alkasum ya dawo gida da buhu wofi.

Mun yi dariya, ni na fi kowa, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Tsohuwar tasa, Biba, gishiri take yi a Tegidda, irin wanda ake saya wa dabbobi. Dabbobin sun mutu, mai saye ya ƙare, rijiyar da suke ɗebo ruwan sha ta ƙafe. Saƙo ya zo cewa ran Asabar waɗanda suka rage za su taso da ƙafa. Biba gwiwoyinta ba su kai ta ko bakin ramin gishirinta. An ce wanda ba ya iya tafiya, salkar ruwa ɗaya za a bar masa.

Ran Alhamis ya ɗora motar bisa duwatsu a tsakar gida, ya cire kujeru, ya yaye tabarmar da ya shimfiɗa shekara da shekaru. Na ara masa guduma. Duk inda ya buga don ya sami ƙarfe mai rai, sai wurin ya ruɓe kamar ƙosasshen ɓawo, ramin ya ƙara faɗi. Mai sudur, wato mai walda, ya ce masa tun da aka rufe iyaka bai ga karbir ɗin da yake kunna wutar walda da shi ba, ƙarfen shimfiɗa kuwa ko na ƙofar masai babu a gari. Ya buɗe gwangwanayen man taimako guda shida, ya daddake su, ya haɗa da ƙusa. Ya ce in gwada. Na taka, ƙafata ta wuce har gwiwa, ni da ban kai nauyin ɗan akuya ba a shekarar. Sai ya shiga motar ya zauna bisa ƙarfen gefe, ƙafafunsa a ƙasa, ya yi tagumi.

A haka Tabawa ta same shi. Ɗiyar kawunsa ce, wato taubashiyarsa. Ita ɗiyar namiji, shi ɗan mace, kuma a al'adarmu ɗan mace bawan ɗan namiji ne na wasa: ranar da aka gama Biyanu ya ɗauki tsintsiya ya share ƙofar ubangidansa, ya faɗi abin da yake so na shara, a ba shi. Alkasum ya haura arba'in bai taɓa yi ba. Yana cewa hannun da ke riƙe mota ba ya riƙe tsintsiya.

“… da gajiyar noma, bawana,” in ji ta, tana gyara lulluɓi.

“Lafiya lau, 'yar kawu. Wane noma kuma?”

“An ce ka shuka dawa daga rumbun gwamnati har shinge. Kai kaɗai ka yi shuka bana a ƙasar nan.”

“Na shuka, kun girbe tun ba ta taɓa ƙasa ba. Fari ma in sun sauka suna barin kara.”

Ta zagaya motar sau biyu, ta sunkuya ta leƙa ta ƙasa, suka haɗa ido ta cikin ramin. Ta ce wannan ai ba mota ba ce, rariya ce mai ƙafa huɗu, ya ara mata ta tankaɗe gari. Ya ce a wane gida aka ga garin da za a tankaɗe, ita da tukunyarta ta manta kamannin wuta. Ta ce gara tata tukunyar, tana da gindi.

“Abu ɗaya nake so ka gaya mini,” in ji Tabawa. “Garin da ya shekara bai ga ɗigon ruwa ba, kai ina ka samo tsatsa? Faɗa mana wurin mu je da tuluna.”

Ya ce laifin Bature ne, can ƙasarsu ta jiƙe tun tana sabuwa. Ta ɓalli ɓarɓashin tsatsar ta ɗora a harshe, ta yatsine fuska, ta miƙo mini saura. Na lasa. Gishiri zalla.

“Baturen nan a Tegidda aka haife shi?” in ji ta.

Alkasum ya sunkuyar da kai. Duk mun san yadda abin yake. Shekara goma sha biyu, duk zuwan da ya yi, Biba sai ta cika masa gishiri ɗanye, bai gama bushewa ba, kuma ba ta yarda a sa shi baya. Ƙarƙashin tabarma take turawa, wajen ƙafarsa, inda idonsa zai riƙa gani. Ga salka rataye a jikin ƙofa tana ɗiga a kai tun daga can har gida.

“Uwata ta ba ni abu da hannunta, in ce mata motata ta fi shi?”

“Ba ka da bakin faɗa, shi ya sa Allah ya yi ka bawa. Ni da ta ba ni, a ka na ɗauko.”

“Ai ga shi ya cinye kan, ya bar bakin.”

Ta buɗe baki za ta rama, sai idonta ya faɗa kan buhun nan wofi da ke rataye a jikin katanga. Ta tambaye shi da gaske Asabar aka ce. Ya ce Asabar, kuma in bai wuce shinge gobe kafin la'asar ba, sai dai ya tarar da salka. Daga can unguwar sama ana jin gangunan Biyanu, su ma ba ƙarfi, masu kiɗan ba su ci sun ƙoshi ba.

Ni ba na iya zama cikin shiru, tun a lakwal, makarantar boko, abin da ya sa aka kore ni ke nan. Sai na ce, kamar da katanga nake, ƙarfe mai kauri guda ɗaya na sani a unguwar nan, shi ne tano, wato gangar ƙarfen ajiye ruwa, da ke bayan ɗakin Tabawa.

Ta juyo ta wanke ni tas. Ta ce Illiya, bakinka ne ya kamata a toshe da ƙarfe. Pampo sau ɗaya yake zuwa a kwana uku, tana da 'ya'ya biyar, tanon nan shi ne rijiyarsu. Alkasum ya ce in bar maganar, shi ba ya roƙo, musamman wurin wadda ko gaisuwa sai ta auna take bayarwa.

“Ba na ba da aro, ba na sayarwa,” in ji ta daga bakin ƙofa. “Amma gobe ranar shara ce, kuma ubana bai taɓa hana bawa abin da ya faɗa ba. Sai dai an ce hannun mota ba ya riƙe tsintsiya.”

“Ko za ki mutu kina jira.”

“Ni ba ni ce mai jira a Tegidda ba.”

Ta fita. Ya ɗauki guduma ya ci gaba da bugun gwangwanin da ya san ba zai yi ba.

Ran Juma'a da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofata. Alkasum ne, ya sa babbar riga har da rawani, yana tambayar matata aron tsintsiya. Ya ce in na yi dariya zai rushe katangar a kaina. Ban yi dariya ba, na dai bi gida gida na sanar.

Tabawa ta fito da kujera ta zauna a ƙofarta, ta harɗe ƙafa. Ya sunkuya ya fara shara, gemunsa na kaɗa ƙura.

“Can ka bar kashin akuya, bawana.”

“Na bar miki na miya.”

“Sunkuya sosai. Gwaggo ba ta koya maka ba?”

“Ta koya mini. Ta ce ƙofar matalauci ba ta da wuyar shara.”

Da ya gama ya miƙe, ya dafa ƙugu. Ta tambaye shi abin da bawa ke so. Mutane sun cika lungun, kowa ya kasa kunne. Da maganar ta fito ba wasa a cikinta.

“Tanon, uwargijiyata.”

Muka shiga ɗaukowa, sai muka tarar babu ɗigo a ciki. Tun jiya ta juye ruwan cikin tukwane da ƙwarya da buta, har turmi ta cika ta rufe da faifai. Ta ce kada mu kalle ta, tanon ne ya tsufa, dama tana neman wawan da zai raba ta da shi.

Muka mirgina shi gidan Alkasum. Ya fasa kai da gindi, ya tsaga shi a tsaye, mata huɗu suka kawo taɓarya suka daka shi har ya kwanta, su da suka yi wata ba su daka komai ba. Ya auna da igiya, ya yanka gida biyu, ya huda gefe da babbar ƙusa, ya zura ƙananan ya tanƙwashe su ta ƙasa. Ni na kwanta ƙarƙashin motar ina riƙe dutse, tsatsa na zuba mini a ido. Kafin a kira salla an gama. Na ce in gwada, Tabawa ta ture ni, ta ce sarzan ba ƙadangare ba ne kamar ni. Ta hau da kanta ta yi tsalle uku. Motar ta yi kuka, ƙarfen bai motsa ba.

Yana mayar da kujeru ta je gida ta dawo da ƙullin zane a ka, ta dire masa. Jar dawa ce, ta kusa rabin buhu, an sheƙe an tankaɗe amma har yanzu da ɗan yashi. Ta ce a kai wa Gwaggo, kuma a baya za a sa, in ya sake ya ɗora wani abu bisa tanonta sai ta kai shi gaban sarzan da kanta.

Alkasum ya damƙi dawar ya murza, ya ga yashin. Ya tambaye ta a ina ta samo. Ta ce ba ruwan bawa da rumbun uwargijiyarsa. Ni kuwa na ce ran Laraba matata ta ga wadda ke kan gaba a bayan mota, lulluɓi a ƙugu, tana ture awaki da gwiwa tun daga kasuwa har shinge.

Tabawa ta fashe da dariya, ta rufe fuska da gefen lulluɓi. Alkasum ya sunkuya ya zaɓi ɓallin tsatsa mafi girma a cikin tarin, ya kaɗe shi da hannun riga, ya miƙa mata da hannu biyu.

“Ni ƙofa ɗaya na share miki, ke kin share mini gari guda, kuma kin riga ni da kwana biyu. Karɓi shararki, baiwata. Da gishirinsa.”