Kurar da Ta Ƙi Mutuwa

Mai tura fim a kasuwar Talata Mafara shi ya kunyata ni gaban 'ya'yana. Sau ɗaya a shekara suke zuwa daga wajen uwarsu a Bakura, sai na sa ya tura mini katun na kura da zomo don su zauna kusa da ni.

Muna kallo na ce musu, "Tatsuniyar kakata ce, a rijiya kura za ta mutu." Har da rantsuwa. Sai kura ta tuba, aka yi rawa da ita.

Yanzu ko a waya gaisuwarsu ke nan: "Baba, kura ta mutu?"

Ran kasuwa na tare shi, na ce, "Malam, ka bar kura, ni ka kashe. Tura mini wani, ko sun dawo."