Rasuwar Danna-Nan, Akwatin Tarihin Gidan Fito

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Wendell Stoltz, mai shara da buɗe ƙofa a tsohon Gidan Fito na garinmu Kessler Ford, wanda aka mayar gidan tarihi, nake sanar da ’yan uwa da abokan arziki rasuwar dattijonmu, akwatin maganar da kowa ya sani da Danna-Nan. Rai ya yi halinsa jiya Litinin da misalin ƙarfe goma na safe, ana yayyafi, kogi ya yi duhu, bayan doguwar jinya. Ya rasu yana da shekara arba’in da ɗaya, wato ya girme ni da goma sha bakwai.

Marigayin bai taɓa barin kusurwar da aka kafa shi ba. Aikinsa ɗaya ne: a danna jan madannin da ke ƙirjinsa, ya yi gyaran murya, ƙrrr, ya ce, “Barka da zuwa. Mu koma baya shekara ɗari uku.” Daga nan sai ya kawo labarin ƙasar nan tiryan-tiryan cikin minti huɗu: mutanen Lenape da ke bakin kogin tun kafin kowa, jiragen ruwan da suka taso daga Ingila, yankuna goma sha uku, harajin sarki, ganyen shayin da aka zubar a teku a Boston, takardar ’yancin kai, yaƙi, da tsarin mulki.

Shaidar da zan yi masa ita ce haƙuri. Duk garin nan babu wanda bai haddace “Barka da zuwa” ba, amma waɗanda suka tsaya har jiragen suka iso gaɓa ba su cika hannu ɗaya ba. Mutum zai danna, ya ɗauki hoto, ya tambaye ni ina banɗaki. Marigayin kuwa ba ya fasa abin da ya fara. Sai ya ƙarasa wa bango da ni da tsintsiyata. Ni da na bar makaranta da wuri, a wurinsa na yi karatuna ba da niyya ba.

Bai taɓa yi wa kowa dariya ba, ko da ranar da wani bawan Allah mai jar hula ya gaya wa ’ya’yansa, “Kun gani ko? Nan ne kakanninmu suka kori Jamusawa.” Matarsa ta ce, “Kai dai ka cika ɓarin baki, Faransawa ne.” Ko Dwight wanzami, da ke tayar da wasan wuta duk ranar huɗu ga Yuli, ranar ’yancin kai, har karnukan unguwa su shige ƙarƙashin gado, da na tambaye shi murnar me muke yi, sai ya ce, “Murnar hutu mana, ɗan nan. Miƙo min gishirin naman can.”

Ciwon ajalinsa ya fara ne a bazarar da ta wuce. Zaren kaset ɗin da ke cikinsa ya tsinke wuri biyu. Shugaban kwamitin gidan, Mista Lyle Brubaker, wanda ke cewa kakan kakan kakansa ya riƙe bindiga a yaƙin, ya ce shi zai yi masa ɗori da hannunsa. Ya liƙe da salatif, ya mayar da gutsuren gaba baya. Tun daga ranar, a bakin marigayin, sai an gama yaƙi an ci nasara sannan a je a zubar da shayi. Na ji tun dannawar farko, amma kunyar Mista Brubaker ta hana ni magana. Mako shida yana faɗin haka. Malaman makaranta sun kawo ɗalibai sun tafi. Shi kansa Mista Brubaker ya tsaya kusa da shi da baƙi, yana gyaɗa kai yana cewa, “Haka aka yi, wallahi haka aka yi.”

Mutum ɗaya ce ta gane, Inna Amparo Quiroz, mai aiki a gidan wanki da guga na bakin gada, wadda ta zo daga Honduras shekara goma sha biyu da suka wuce. Tana shirin jarrabawar zama ’yar ƙasa. Ta ce idanunta ba sa riƙe abin da ke littafi bayan ta wuni a kan dutsen guga, kunnenta ne mai riƙo, don haka kullum ƙarfe biyar sai ta zo ta zauna a benci ta rufe ido ta saurara har ƙarshe. Ranar da ta dawo bayan mako shidan nan da ba ta samu leƙowa ba, ta buɗe ido ta ce, “Ɗana, tsohon nan ya fara ruɗewa. Ya za a yi su gama faɗa sannan su zubar da shayi? Don murna?” Na ce, “Inna, a hankali, mai ɗorin yana ofis.” Ta ce, “To ya fito in yi masa tambaya uku cikin waɗanda za a yi min, mu ga wanda za a kora.” Da yamma na buɗe bayansa na mayar masa da tarihinsa daidai, amma bai ƙara samun lafiya sosai ba. Muryarsa ta yi nauyi, yana jan kalma kamar mai jin barci. Jiya yana tsakiyar cewa, “Sai suka ɗauki alƙalami,” ya yi wani ƙuuu mai tsawo, shi ke nan.

Ya rasu ya bar jan madanni ɗaya da yatsu suka goge masa fenti, igiyar wuta ɗaya, benci mai ƙafa uku da rabi, da bindigar katako da yara ke tambaya ko ta kashe mutum. Ya kuma bar Inna Amparo, wadda ta faɗi jarrabawar karon farko, za ta sake zama jibi Alhamis, kuma wannan ne karo na biyu kuma na ƙarshe a kan takardunta.

Za a yi jana’iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. Za a naɗe shi a tsohon labulen ofis a sauke shi ɗakin ajiya na ƙasa, kusa da kujerun da suka riga shi. Mista Brubaker zai yi jawabi, ana roƙon jama’a kada a yi masa tambaya. Ba a buƙatar furanni. Wanda zai zo ta’aziyya ya daure ya bincika a gida daga hannun wa muka karɓi ’yanci, don kada a yi gardama a kan gawa.

Jiya ƙarfe biyar Inna Amparo ta shigo da lemarta tana ɗiga. Ta nufi akwatin kai tsaye. Ta danna, shiru. Ta sake dannawa. Ta zauna a benci, jakarta a cinya, tana kallon akwatin, ta ce a hankali, “Saura kwana uku fa, tsoho.” Sai na jingine tsintsiya, na tsaya gefensa, na yi gyaran murya na fara. Ta rufe ido, leɓenta na bina. Da na kai tsarin mulki ta ce, “Sake, kuma ka rage sauri, shi ba haka yake yi ba.” Sau uku na yi. Tana duba agogo ta zabura, “Wayyo, bas ɗina!” ta suri jaka ta fice cikin ruwa, ko lemar ba ta buɗe ba.

Yau da gobe ba zan kulle gidan ba sai ƙarfe shida.