Rage Hanyar da Aka Yi Mana a Murabba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Sani zai fara aiki a Riyad ba, don ni na kusa raba shi da aikin tun bai taɓa injin ba. Sani ƙanin matata ne. Ni na yi ta roƙon foman ɗinmu har ya yarda ya ɗauke shi a masana'antar robobi da nake aiki, can Birnin Masana'antu na Biyu. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar farko kada ya makara, don akwai masu jiran gurbin.

Lokacin, wajen tsakiyar shekarun tamanin, ina ji da kaina a fannin tare mota. A wurin cin abinci kowa kan ba da labarin ƙasarsu. Basudane ya ce a Khartum ka ɗaga hannu kawai, wani zai tsaya. Baturen injiniyanmu ya ce su babban yatsa suke ɗagawa, ya ce a Poland ma gwamnati ce ke sayar wa matafiya ɗan littafi, suna yagar wa direba takarda ya shiga gasar kyauta, amma a wasu manyan titunan Amurka kama ka za a yi. Na haddace duka, na mai da su nawa (ni da ko Kwatano ban taɓa zuwa ba).

Ranar aikin yamma muke. Na tsaya aski, motar kamfani ta tafi ta bar mu a unguwar Murabba, ana fitowa daga sallar la'asar.

"Yaya, mu hau tasi mana," in ji Sani.

"Tasi? Kana tare da ni? Tsaya ka ga aiki. Nan ƙasar 'yan sanda ba sa son ganin baƙo yana tare mota, sai su ce kawo iƙama, takardar izinin zama. Amma akwai dabara."

Dabarar ita ce na ɗaga hannu kamar kowa. Sai ga wata farar akori-kura tafe a hankali, motoci na bin ta a baya. Na nuna kudu, wajen masana'antarmu. Nan take ta tsaya. Dattijon da ke gaba ya leƙo ya ce, "Jazakumullahu khairan."

"Ka ji ko?" na ce wa Sani. "Su ke rage mana hanya, su ke godiya."

Muka haye baya. Samari ne zaune gefe da gefe, kowa ya sunkuyar da kai, a tsakiyarsu ga wani dogon kaya lulluɓe da alkyabba ruwan ƙasa. Na ɗauka darduma ce aka naɗe. Na yi sallama da fara'a, suka amsa ƙasa-ƙasa. Wuri ya yi ƙunci, sai na ɗora kular abincina a kan kayan, na dafe ta da hannu kada miya ta zube.

Daga nan na buɗe baki. Da guntun Larabcina na gareji na shiga yi musu bayanin Sudan, na wuce Poland, na sauka a Amurka. Na yaba musu, na ce duk duniya ba kamar mutanen Riyad, sai dai ba su da hira. Har gyaɗa na miƙa wa na kusa da ni. Ya girgiza kai, idonsa jawur. Na ce a raina iska ce.

Sani ya ja mini riga. "Yaya, ɗauke kular nan."

"Ka zauna, baƙauye. Jiya-jiya ka zo."

"Don Allah, Yaya, dubi ƙasan alkyabbar."

Ban duba ba. Ina tsaka da kwatanta musu yadda Bature ke ɗaga yatsa motar ta karya kwana, ta shiga wata ƙofa. Na ga fili shimfiɗe, da ƙananan duwatsu jere ba iyaka. Maƙabartar Al-Oud.

Sai a lokacin na ga hannayen makara sun leƙo ta ƙarƙashin alkyabbar. Sun tsaya ne don sun zaci raka gawa muke so mu yi.

Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Saurayin da na yi wa tayin gyaɗa ya ɗauki kular da hannu biyu, ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe, ɗan'uwa. Za mu sauke Baba."

Gudu ba ya yiwuwa. Na ajiye kular a gindin katanga, muka sa kafaɗa aka ɗauki makara, muka zuba ƙasa, muka yi wa mamacin addu'a. Sani bai dube ni ba ko sau ɗaya, agogonsa kawai yake kallo. Da aka jeru gaisuwa na isa gaban saurayin, na faɗa masa gaskiya: ba jana'iza muka zo ba, wurin aiki muka nufa, kuma na jawo wa yaron nan asara. Na nemi gafara.

Sai na ga kamar murmushi a fuskarsa. "Baba bai taɓa wuce mutum a bakin titi ba," in ji shi. "Har faɗa muke masa. Ashe yau ma sai da ya ɗauka."

Shi ya sa ɗan baffansa ya kai mu har ƙofar masana'anta. Mun makara sosai, foman ya riga ya ɗaure fuska. Mutumin ya sauka, jallabiyarsa duk ƙasar kabari, ya ce waɗannan daga binne baffansa suke. Foman ya yi masa ta'aziyya, ya nuna wa Sani injinsa.

Sani bai faɗa wa yayarsa ba, amma ya shekara yana tambayata, "Yaya, a Poland ma haka ake yi?"

Tun daga ranar, in mota ta tsaya mini, nakan dubi fuskokin mutanen ciki kafin in ɗaga ƙafa. Kulata kuwa a cinyata take zama, ko da motar ba kowa.