Akwatin Sallamar Injiniya Zaharaddini

"Kafin shekara ta zagayo, babu zauren da zai rage a Birnin Zariya bai hau intanet ba!"

Haka Zaharaddini ya faɗa a bakin shagonsa na unguwar Kwarbai, yana dukan ƙirji. Mai gyaran waya ne, amma kada ka kuskura ka ce masa haka. Shi Injiniya ne, kuma shi ya naɗa kansa. A cewarsa duniya ta wuce zamanin a sayar maka da kaya a rabu. Yanzu firij da fanka da kwaɗon ƙofa duk hira suke da wanda ya ƙera su, in sun yi kuskure ya gyara su daga inda yake zaune. Mu kuwa 'yan birni, ka san halinmu, da an ce abu na zamani ne sai mu gyaɗa kai kamar tare da mu aka ƙirƙiro shi.

Abin da ya haɗa wani ɗan akwati ne da ake maƙalawa a zaure, a haɗa shi da wayar maigida. Baƙo na yin sallama zai amsa, ya faɗi ko maigida na ciki, ya aika hoton baƙon. Mutum biyu-uku suka saya, amma babban kamu shi ne Alhaji Bahago, shugaban 'yan hatsi.

"In ya yi aiki, zan sa duk 'yan ƙungiyata su saka," in ji Alhaji. "In ya kunyata ni, ko cajar waya ba za ka ƙara sayarwa a birnin nan ba."

"Alhaji, kwantar da hankalinka. Wannan akwatin bai san ƙarya ba."

Nan fa matsalar take. Uban 'yan ƙirƙira ya manta cewa a garinmu rabin amfanin zaure shi ne a ce ba ka nan. Washegarin ranar da aka maƙala akwatin, wani ɗan'uwan Alhaji mai shegen surutu ya yi sallama. Kafin Hajiya matar Alhaji ta buɗe baki, akwati ya rangaɗa: "Wa alaikumus salam! Maigida yana ciki!" Alhaji ya sha labarin ciwon gwiwa tun daga hantsi har azahar.

Ya kira Injiniya a waya yana huci.

"Ƙaramin aiki ne," in ji gogan naka. "Daga nan zan gyara, ko tashi ba zan yi ba."

Ya danna, ya latsa. Akwati ya koma ce wa kowa maigida ba ya nan. Sai ga manyan baƙi daga Kano sun zo sayen masara mota guda. Alhaji na ɗaki yana fesa turare don tarbarsu, akwati ya sallame su, suka wuce wurin abokin hamayyarsa.

"Kai, ɗan nema!" Alhaji ya daka tsawa. "Ba shi da hankali ne?"

"Yanzu zan sa masa hankalin. Kai za ka riƙa zaɓar amsa a wayarka, shi kuma ya yi wa baƙo cikakken bayani."

Ya kuwa yi cikakken bayani. Ranar Juma'a limamin unguwa ya zo da dattawa, Alhaji na kishingiɗe ya latsa waya, akwati ya buɗe murya har bakin titi: "Maigida yana ciki, amma ya zaɓi a ce ba ya nan."

Ba a jima ba Keke Napep ta tsaya a ƙofar gidan Zaharaddini. Ya leƙa ya hango Alhaji da sanda.

"Sailuba," ya raɗa wa matarsa, "ki ce na tafi Kaduna."

"Ni zan faɗa, ko ɗanka na zaure?"

Kafin ta rufe baki, nasa akwatin ya amsa sallama da fara'a: "Maigida yana ciki!"

"Ni na jawo wa kaina," in ji Injiniya. "Na koya wa ƙarfe gaskiya, ni ban iya ta ba."

Ya ruga bayan gida ya kama katanga. Ƙafa ɗaya ta haye, ƙusa ta cafke wando, ya tsaya reto, kai ƙasa, hula a cikin garken awakin maƙwabci. Can sama wani abu ya yi ƙyas. Ashe ya taɓa kafa idon kyamara a katangar saboda ɓarayi, wanda ke aika hoton duk mai haurawa ga kowa da ke da akwatin.

Wayar Alhaji ta yi ƙara a zaure. Sai aka ji dariya ta ɓarke, irin wadda ke sa dattijo neman bango ya dafa.

Alhaji ya zagayo ta lungu, yana duban waya yana duban mai reto, yana share hawaye.

"Injiniya, in ka sauko ka zo ka cire min akwatinka," ya ce. "Amma hoton nan ka bar min shi. Shi kam duk 'yan ƙungiya za su so shi."